Yadda Za Ka Zagaya Kangayen Rumawa da Tsofaffin Majami'u a Birnin Rum

Birnin Rum, babban birnin ƙasar Italiya, gari ne da aka yi ta gina shi bisa kansa tun shekara 753 kafin Miladiyya, idan aka bi lissafin da mutanensa suka gada. Yawancin masu yawon buɗe ido sukan raba ziyararsu gida biyu, su ware wata rana domin kangayen Rumawa, wata kuma domin majami'u, alhali wannan rabon shi ne yake ɓoye musu abin da ya fi cancantar gani. Gine-ginen Rumawa da suka rage da rufinsu har yau, mafi yawansu sun tsira ne saboda an mayar da su majami'u, kuma majami'u da dama an ɗora su ne a kan ginshiƙan da aka ciro daga gidajen wanka da ɗakunan bautar gumaka na dā. Saboda haka shawarar da wannan bayani ya ginu a kanta ita ce ka ɗauki kango da majami'a a matsayin labari ɗaya, ka rage yawan wuraren da za ka shiga a yini, ka kuma saba wa idonka tambayar abin da ke ƙarƙashin kowane gini da inda aka samo duwatsunsa.

Shirin da ake yi tun daga gida

Italiya tana cikin ƙasashen da ke amfani da bizar Shengen, kuma ana iya miƙa takardun neman ta tun wata 6 kafin tafiya. Kuɗinta Yuro 90 ne ga baligi tun daga watan Yunin 2024, ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, sannan dole fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka baro can. Kada ka jinkirta neman ranar ganawa a ofishin biza, domin ita ce takan fi ɗaukar lokaci.

Game da lokacin zuwa, watannin Afrilu da Mayu da ƙarshen Satumba zuwa Oktoba su ne suka fi daɗin yawo da ƙafa. Wanda ya saba da zafin ƙasarmu yana iya raina zafin Turai, amma a Yuli da Agusta yakan haura digiri 35, kuma kangayen ba su da inuwar kirki, ga cunkoson jama'a. Kwana 4 cikakku shi ne mafi ƙarancin abin da zai ishe ka, kwana 5 ko 6 ya fi. Ka nemi takalmi mai taushi wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, saboda titunan tsohon gari an shimfiɗe su ne da ƙananan baƙaƙen duwatsu marasa daidaito waɗanda suke santsi idan an yi ruwa.

Wurare biyu ne suke buƙatar sayen tikiti ta intanet tun makonni kafin zuwa, wato Kolosiyam, babban filin wasannin Rumawa na dā, da gidan adana kayan tarihi na Fadar Batikan. Ka saya daga shafin hukumar da ke kula da wurin, domin shafukan dillalai sukan ninka kuɗin da sunan tsallake layi, alhali kowane mai tikiti sai ya bi layin binciken jaka. Tikitin Kolosiyam yana ɗauke da sunan mai shi da sa'ar shigarsa, ana kuma iya neman ka nuna fasfo a ƙofa, don haka ka rubuta sunanka daidai da yadda yake a ciki. Tikitin nan guda shi ne yake shigar da kai dandalin Forum da tudun Palatino. A Lahadin farko ta kowane wata shiga kyauta ce, sai dai layin da ake yi a ranar yakan cinye rabin yini, kuma a ganina wanda ya biya kuɗin jirgi daga Afirka bai kamata ya sayar da rabin yininsa a kan kuɗin tikiti ba.

Daga filin jirgin sama na Fiumicino akwai jirgin ƙasa mai suna Leonardo Express da yake kai mutum babbar tashar Termini cikin minti 32. A cikin gari tikiti ɗaya ne yake aiki a bas da tarago da jirgin ƙarƙashin ƙasa na tsawon minti 100, amma wajibi ne a buga shi a na'ura da zarar an shiga, in ba haka ba masu bincike za su ci mutum tara ko da tikitin yana hannunsa.

Inda ya kamata a fara

Ka fara da wata majami'a da ba ta cikin waɗanda suka fi suna, wato San Clemente, wadda ke da tafiyar 'yan mintuna daga Kolosiyam. Ginin da za ka shiga daga titi na farkon ƙarni na 12 ne, mai ƙayataccen zane na ƙananan duwatsu da gilasai masu ruwan zinariya a saman bagadensa. Idan ka sayi tikitin sauka ƙasa, matakala za ta kai ka wata majami'ar ta ƙarni na 4 wadda aka cike da ƙasa aka yi gini a kanta, har aka manta da ita sai a shekarar 1857, lokacin da wani limamin cocin ɗan ƙasar Ailan mai suna Joseph Mullooly ya fara tono. Ƙarƙashin wannan kuma akwai gine-ginen ƙarni na 1, da ɗan siririn lungu a tsakaninsu, da wani ɗaki inda mabiya wani abin bauta da ake kira Mitras suke taruwa, kuma a can ƙasa za ka ji ƙarar ruwa yana gudu a cikin duhu. Sa'a ɗaya a wannan wuri za ta koya maka cewa ƙasar garin ta yi ta tashi sama saboda gobara da ambaliyar Kogin Tiber da ɓaraguzan gini, kuma daga nan duk kangon da ka gani a cikin rami a gefen titi za ka gane dalilinsa.

Da yammacin ranar ka hau tudun Kapitol, ka bi ta bayan fadar magajin gari, inda akwai wurin tsayawa da ake hango dandalin Forum baki ɗayansa ba tare da biyan ko sisi ba. Wannan hangen yana da amfani ƙwarai, domin wanda ya faɗa cikin Forum kai tsaye ba ya ganin komai sai tarin duwatsu, amma wanda ya fara ganinsa daga sama ya riga ya san inda babbar hanya ta bi da inda kowane gini yake tsaye.

Kolosiyam da Forum

Washegari ka kasance a ƙofar Kolosiyam da ƙarfe 8:30 na safe, lokacin buɗewa. A allunan hanya da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta layin B za ka ga an rubuta Colosseo. Sarki Vespasian ne ya fara gina shi wajen shekara ta 72 Miladiyya, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 da wasannin da aka yi kwana 100 ana yi. Tsawonsa mita 189 ne, faɗinsa 156, tsayinsa 48, kuma yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 50,000. Kafin ka shiga, ka zagaya shi ta waje ka ɗaga kai: a saman wasu daga cikin ƙofofinsa 80 har yanzu ana ganin lambobin da aka sassaƙa domin kowane ɗan kallo ya san ta inda zai shiga. Ramukan da suka cika jikin bangon guraben ƙarafan da suka riƙe duwatsun ne, waɗanda mutanen baya suka ƙwaƙule suka narka. Ɓangaren kudu ya rushe a girgizar ƙasar 1349, aka yi ta kwasar duwatsunsa ana gina fadoji da majami'u da su. A ciki, abin da za ka gani a tsakiya kamar lunguna shi ne ƙarƙashin filin, inda ake tsare namun daji da mutanen da za a fito da su, a da kuwa an rufe shi da katako an zuba yashi. Ya kamata mai ziyara ya tuna cewa wurin nan an kashe bayi da fursunoni da dabbobi marasa adadi a cikinsa domin nishaɗin jama'a, kuma yawancin zakuna da damisoshin daga Arewacin Afirka aka kamo su. Sa'a ɗaya da rabi ta isa.

Da fitowarka za ka ga ƙofar nasara ta Sarki Konstantin, ta shekara ta 315, wadda aka yi domin tunawa da yaƙin da ya ci a gadar Milvio a 312. Shi ne sarkin da ya halatta addinin Kirista a daular, kuma da yawa daga sassaƙe-sassaƙen da ke jikin ƙofar an ciro su ne daga gine-ginen sarakunan da suka gabace shi, abin da ke nuna cewa su kansu Rumawan ne suka fara al'adar cire dutse daga tsohon gini a kai sabo.

Forum shi ne zuciyar tsohon gari, inda kasuwa da kotu da majalisa da wuraren bauta suke haɗe, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Kana shiga ta gabas za ka fara da ƙofar Titus, wadda a cikinta aka sassaƙa sojoji ɗauke da ganimar da suka kwaso daga haikalin Kudus a shekara ta 70, har da fitilar nan mai rassa 7. Ka gangara ta tsohuwar hanyar da duwatsunta suke nan, ka tsaya a gaban haikalin Antoninus da matarsa Faustina, na shekara ta 141. Za ka ga majami'a a zaune a cikin ginshiƙansa, da wata koriyar ƙofa a can sama wadda babu matakalar da ta kai gare ta. A lokacin da aka yi ƙofar, a nan ƙasa take, domin dandalin ya cike har ya zama makiyayar shanu, sai daga baya masu tono suka kwashe ƙasar suka bar ƙofar a rataye. Gaba kaɗan akwai ragowar haikalin Yuliyus Kaisar, a daidai inda aka ƙona gawarsa a shekara ta 44 kafin Miladiyya, kuma har yau akan tarar da furannin da baƙi suka ajiye. Ginin jan bulo mai tsayi da ke kusurwar arewa maso yamma shi ne zauren majalisar dattawa, wanda ya tsira saboda an mayar da shi majami'a a shekara ta 630. Ƙyamarensa na tagulla na asali an kai su babbar majami'ar Yohanna ta Laterano a ƙarni na 17, kuma suna can har yanzu ga mai son ganinsu. Kusa da shi akwai ƙofar nasara ta Septimius Severus, ta shekara ta 203, sarkin da aka haifa a Leptis Magna, a gaɓar tekun ƙasar Libiya ta yau. Ka kuma lura da wani ginshiƙi guda da yake tsaye shi kaɗai, na Sarki Fokas, wanda aka kafa a 608, shi ne abu na ƙarshe da aka gina a dandalin, domin sunan nan zai sake fitowa a labarin Pantiyon, wani tsohon haikalin Rumawa.

Daga nan ka hau tudun Palatino, inda fadojin sarakuna suke, akwai bishiyoyi da wurin hutawa da famfon ruwa. Abinci ba ya samuwa sosai a ciki, saboda haka ka shigo da ɗan abin taɓawa. Idan ka fito, ka huta. Ƙara wani babban wuri a wannan yini ɓata shi ne.

Pantiyon da kewayensa

Idan gini ɗaya kaɗai za ka gani a Rum, Pantiyon ne ya fi cancanta. Rubutun da ke goshinsa yana ɗauke da sunan Markus Agrippa, wanda ya yi ginin farko da ya ƙone, amma wanda ke tsaye yanzu an kammala shi ne a zamanin Sarki Hadrian wajen shekara ta 125. Ginshiƙai 16 na shirayin gabansa, kowanne dutse guda ne mai tsayin kusan mita 12, daga Masar aka yanko su aka kawo ta ruwa. Faɗin ƙubbarsa mita 43.3 ne, daidai da tsayinta daga ƙasa, kuma har yau babu ƙubbar kankare marar rodi da ta kai ta girma a duniya. Dabarar maginan ita ce sun yi gindin da kauri da duwatsu masu nauyi, suna hawa suna rage kaurin suna cakuɗa kankaren da dutsen aman wuta marar nauyi, sannan suka bar wata kafa mai faɗin kusan mita 9 a tsakiya, wadda ita kaɗai ce take shigo da haske. Idan ana ruwa yakan zubo ta nan, ya bi ta ƙananan ramukan da ke daɓen ya fita. A shekara ta 609 Sarki Fokas ya ba Fafaroma Boniface na 4 ginin, aka mayar da shi majami'a, kuma wannan ne ya hana a kwashe duwatsunsa, ko da yake a ƙarni na 17 Fafaroma Urban na 8 ya sa an cire tagullar rufin shirayin an yi igwa da ita. Kabarin mai zane Raffaello, wanda ya rasu a 1520, yana ciki, haka ma na sarakunan Italiya biyu. Tun watan Yulin 2023 aka fara karɓar kuɗin shiga, Yuro 5 a lokacin. Ka nemi kujera ka zauna na minti 20 kana kallon yadda da'irar hasken take tafiya a jikin bango; abin da hoto ba ya ɗauka ke nan.

Daga nan komai kusa yake. Majami'ar San Luigi dei Francesi tana da zanuka 3 na Caravaggio a kan rayuwar Matiyu, kuma akan jefa tsabar kuɗi a wani akwati kafin fitilar da ke haska su ta kama, don haka ka riƙe canji. Dandalin Navona dogo ne mai lanƙwasa a ƙarshensa saboda gidajen da suka kewaye shi an ɗora su ne a kan kujerun filin tseren Sarki Domitian. A Largo Argentina kuwa, daga bakin titi za ka leƙa ka ga haikalai 4 a cikin rami, kuma a gefensu ne zauren da aka kashe Kaisar yake.

Batikan

Batikan ƙasa ce mai cin gashin kanta tun yarjejeniyar 1929, girmanta hekta 44 kacal, ba a kuma neman wata biza kafin shiga. Ana sauka a tashar Ottaviano ta layin A. Shiga majami'ar Bitrus kyauta ce, sai dai layin bincike yakan yi tsawo, maganinsa kuwa shi ne zuwa da ƙarfe 7 na safe. Ka kauce wa safiyar Laraba, domin a lokacin Fafaroma yakan gana da jama'a, sai fa idan ganawar ce ta kawo ka, kamar yadda take kawo Kiristoci masu ziyarar ibada daga Najeriya da sauran ƙasashe. An fara ginin yanzu a 1506 a gurbin wanda Konstantin ya gina a kan wurin da Kiristoci suka yi imani kabarin Bitrus ne, aka keɓe shi a 1626. Dogon dutsen nan mai tsini da ke tsakiyar fili daga Masar Sarki Kaligula ya kawo shi, aka matso da shi nan a 1586. Hawa ƙubbar da shahararren mai zane Mikelanjelo ya tsara matakala 551 ce. Lif yana rage wasu, amma sauran 320 dole da ƙafa, ta wani matsattsen lungu mai karkata, saboda haka mai ciwon zuciya ko gwiwa ko tsoron matsi ya haƙura.

Gidan kayan tarihin ƙofarsa daban ce, tafiyar kusan minti 15 a gefen ganuwa, kuma a rufe yake ranar Lahadi in ban da ta ƙarshen wata. Yana da girman da ba a gama shi a yini, don haka ka zaɓi abin da kake so tun kafin ka shiga. A ɗakin ibada na Sistina, da ake shiga ta gidan kayan tarihin, wanda Mikelanjelo ya zana rufinsa daga 1508 zuwa 1512, an hana ɗaukar hoto da ɗaga murya. A hanyar komawa ka bi ta Castel Sant'Angelo, wanda asalinsa hubbaren Hadrian ne na shekara ta 139, daga baya ya zama sansanin da fafaromomi suke fakewa.

Ladabin shiga majami'a, da sallah, da abinci

Majami'un nan wuraren ibada ne da ake amfani da su kullum. Ana buƙatar maza da mata su rufe kafaɗu da gwiwoyi, abin da tufafinmu na gida sun riga sun cika. Ba a cire takalmi, amma namiji yakan cire hula idan ya shiga, mace kuwa ta bar mayafinta ko hijabinta babu mai ce mata komai. Idan ka tarar ana sujada, ka tsaya daga baya ko ka dawo anjima, kada ka ratsa gaban masu ibada da waya a hannu. Ƙananan majami'u da yawa sukan rufe daga wajen ƙarfe 12:30 zuwa 3 ko 4 na yamma, manyan kuwa a buɗe suke yini. Daga cikin manyan, Santa Maria Maggiore tana da zanukan duwatsu na ƙarni na 5, kuma a cikinta aka binne Fafaroma Francis a watan Afrilun 2025. Santa Maria in Trastevere kuwa ginshiƙanta daga gidan wankan Sarki Karakalla aka ɗauko su, saboda haka yana da kyau ka ga kangon gidan wankan da safe, ka ga ginshiƙansa a inda suka koma da yamma.

Musulmin da zuciyarsa ba ta natsu da shiga wurin da ke da mutum-mutumi da hotuna ba, ya tambayi malamin da ya amince da shi tun kafin ya taso, ya kuma sani cewa kaso mai yawa na abin da aka bayyana a nan ana ganinsa daga waje. Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995 da tallafin Saudiyya, yana arewacin gari, ana zuwa da ƙaramin jirgin ƙasa daga tashar Flaminio a sauka a Campi Sportivi, kuma ya cancanci ziyara ko don gininsa. Akwai ƙananan wuraren sallah da gidajen abincin halal a kewayen Termini da dandalin Vittorio. Alƙibla a Rum kudu maso gabas take, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 9 na dare, don haka ka duba jadawalin garin maimakon dogaro da abin da ka saba. A wajen abinci, taliyar da garin ya yi suna da ita, irin su carbonara da amatriciana da gricia, duk da naman alade ake yin su, ita kuwa cacio e pepe cuku ne da masoro kawai. Kalmar maiale ita ce alade, ya kamata ka riƙe ta. Ruwan sha ba ya buƙatar saye, domin akwai famfunan ƙarfe kimanin 2,500 a tituna da suke zubar da ruwa mai sanyi dare da rana. Gora kawai za ka riƙe.

'Yan sane sun fi yawa a jirgin ƙarƙashin ƙasa da tashar Termini da bas mai lamba 64 da ke zuwa Batikan, saboda haka ka mayar da jakarka gaba, ka raba kuɗinka wuri biyu. Kada ka bari wani ya ɗaura maka zare a hannu ko ya miƙo maka fure da sunan kyauta, domin kuɗi zai nema daga baya. Lambar neman agaji ita ce 112. Rubuta suna a jikin kango ko ɗaukar ɗan dutse a aljihu laifi ne da ake hukunta mutum a kansa da tara mai nauyi.

Bayan ganuwa

Tsohon garin yana kewaye da ganuwar da Sarki Aurelian ya gina daga 271 zuwa 275, mai tsawon kusan kilomita 19, kuma kamar badalar Kano, ƙofofinta ne suke ba unguwanni da hanyoyi suna har yau. Ta ƙofar San Sebastiano ake fita zuwa hanyar Appia, wadda aka fara shimfiɗawa a shekara ta 312 kafin Miladiyya, bas mai lamba 118 kuma yana kai mutum. Dokar Rumawa ta hana binne gawa a cikin gari, shi ya sa kaburbura suka jeru a gefen hanyar, kuma a nan Kiristocin farko suka haƙa makabartunsu na ƙarƙashin ƙasa. Ta San Callisto ita ce ta fi suna. Ba a shiga sai da ɗan jagora, akwai sanyi a ciki ko da bazara, kuma ranar Laraba a rufe take. Lahadi ce ta fi dacewa da yawo a kan hanyar, saboda an taƙaita zirga-zirgar motoci.

Idan kana da yini guda da ya rage, ka ba Ostia Antica, tsohuwar tashar jiragen ruwan Rum a bakin Kogin Tiber. Ana hawa jirgin ƙasa daga tashar Porta San Paolo, daura da wata dala ta wani attajiri mai suna Cestius wadda aka haɗe ta cikin ganuwa, tafiyar kuma kusan rabin sa'a ce da tikitin cikin gari. Abin da Forum ba ya nunawa shi Ostia take nunawa, wato rayuwar talaka da ɗan kasuwa: gidajen haya masu benaye, da gidan burodi da duwatsun niƙansa, da shagon abinci da kantarsa, da bayan gida na jama'a, da rumbunan hatsi. Bayan gidan wasan kwaikwayo akwai dandalin 'yan kasuwa, inda kowane ofishi yake da tambarinsa a daɓe da baƙaƙe da fararen duwatsu, kuma za ka ga na masu jiragen Kartej ta ƙasar Tunisiya ta yau, da na mutanen Sabrata ta Libiya mai hoton giwa, domin alkamar da ta ciyar da Rum daga Masar da Arewacin Afirka take zuwa. Wurin yana da faɗi kuma jama'a ba su da yawa, don haka ka ware masa aƙalla sa'a 4, ka tafi da ruwa da malafa, ka kuma tuna cewa ranar Litinin ba a buɗe shi.